Shekarun Aro

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san yadda a ke cinikin dabba a kara. Fatake su kan zo daga Kudu da manyan motoci, makiyaya su gangaro daga ƙasar Damagaram da shanu da raƙuma da tumaki, dillalai kuwa su tsaya a tsakani. Dillali ya iya rantsewa da abin da zai kashe shi cewa bijimin nan ɗan shekara 3 ne. Mai saye ba ya musu da shi. Sai ya sa a kama masa dabbar, ya buɗe bakinta, ya dubi haƙora. In ta yi famfara ya gani, in haƙoran sun fara cinyewa ya gani, sa'an nan ya taya. Ko yaron da ke riƙe wa ubansa igiya ya san wannan dabara.

Abin da ya sa na kawo maganar kara, ni akawu ne, aikina rubuta sunayen mutane da ajiye takardunsu. Wata rana wani dattijo ya shigo mini da ɗansa, saurayi ƙaƙƙarfa, an aske masa haɓa tas amma sawun gemu bai ɓoyu ba. Bayan mun gaisa, sai dattijon ya matso ya rage murya, ya ce, "Malam, taimako na zo nema. Wani mutum daga birni ya ga wasan yaron nan, ya ce zai kai shi inda a ke zaɓen 'yan ƙwallo na ƙasa, amma sai da takarda mai nuna shekararsa 15."

Na ce, "Baba, yaushe aka haife shi?"

Ya ce shi dai bai riƙe shekara ba, amma ya tuna an yi suna da kaka, ana cikin yankan gero. Da muka bi lissafi da haihuwar ƙannensa, sai ga yaro ya ba 21 baya. Na ba shi haƙuri, na ce wannan ba ta cikin abin da alƙalamina zai rubuta. Bai yi fushi ba, ya yi mini godiya ya fita. Bayan mako 2 na ji ya sami takardarsa a wani wuri ta hanyar rantsuwa, ya kuma sayar da shanun huɗarsa ya ba mutumin birni kuɗin hanya. Damina ta faɗi, yaro ya komo gida, ba ƙwallo, ba shanu.

To, jama'a, wannan dattijo ba shi ya ƙago abin ba. Hanya ya tarar an share ta tun daga sama, ya bi. A kan wannan hanya na ke so mu yi magana, ko da ya ke na san maganar ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba.

Nijeriya tana da ƙungiyar tamaula ta yara 'yan ƙasa da shekara 17, wadda a ke kira Golden Eaglets. Babu ƙasar da ta kai ta cin kofin duniya na wannan aji. Ta ci na farko a 1985 a ƙasar Sin, inda ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 ba ko ɗaya, a lokacin ma gasar ta 'yan ƙasa da 16 ce. Ta ci a 1993 a Japan, ta ci a 2007 a Koriya ta Kudu, ta ci a 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta kuma ci a 2015 a Chile. Sau 5 ke nan. Kowane karo an yi kiɗa, an yi rawa, an raba kyautai, manya sun tsaya sun yi jawabi cewa gobe ta Nijeriya ce.

Ina goben? Wannan ita ce tambayar da ba a son a yi. Ai ba don kofin yara a ke yin gasar yara ba, don a reni waɗanda za su zama manya ne. Manomi ba ya yin bikin ganin tsiro ya manta da rumbu. Fiye da shekara 40 ke nan da cin kofin farko, amma babbar ƙungiyarmu, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen ƙasashe 16 a gasar duniya ta manya ba. Ta kai can a 1994 da 1998 da 2014, nan ta tsaya. Ta 2022 a Ƙatar ma ba mu je ba, Ghana ta tare mana hanya, kana a watan Nuwamba na 2025 Kwango ta Kinshasa ta fitar da mu daga neman zuwa ta 2026.

Ku dubi 2007. Yaranmu sun gamu da na Jamus a wasan kusa da na ƙarshe, suka ba su kashi da ci 3 da 1. Cikin yaran Jamus da aka doke ran nan akwai wani wai shi Toni Kroos. Bayan shekara 7 wannan Kroos ya ɗauki kofin duniya na manya a Barazil, ya kuma shekara 10 yana yi wa Real Madrid wasa. Namu da suka doke shi fa, nawa mai karatu zai iya ambata yau ba tare da ya tambayi wani ba? Ku kuma dubi 2009, shekarar da aka yi gasar a nan gida, har aka buga waɗansu wasanni a filin Sani Abacha na Kano, mutanenmu na Gumel da dama suka shiga mota suka tafi kallo. A wasan ƙarshe a Abuja yaran Suwizalan suka ci mu 1 da nema. Daga cikinsu Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic sun girma tare, sun je gasar manya a 2014 da 2018 da 2022. Su sun yi ta hawa, namu kuwa yawancinsu daga wannan dare sai gangara.

Kada a ce na yi zalunci. Lalle an sami na kirki. Nwankwo Kanu ya fito daga ajin 1993, ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1996, sau 2 ana zaɓensa gwarzon Afirka. Kelechi Iheanacho ya fito daga na 2013, ajin da Manu Garba ya horar, kyaftin ɗinsu kuwa Musa Muhammed ɗan Kano ne. Victor Osimhen ya jefa ƙwallo 10 a raga a Chile, ya zama gwarzon Afirka a 2023. Ban kuma ce duk yaron da tauraronsa ya dusashe ƙarya ya yi ba. Akwai rauni, akwai rashin sa'a, akwai mugun dillali. Amma in mutum ya shuka gona 5 ya tashi da dami 3, ba ya tara mutane ya nuna musu dami 3 ɗin ya ce shi sarkin noma ne.

Maganar shekarun aro ba zargin maƙiya ba ce, a rubuce ta ke. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, ta hana Nijeriya shiga gasannin yara har shekara 2, ta kuma karɓe gasar matasa ta 1991 da aka shirya yi a ƙasarmu, don an ga ranakun haihuwar 'yan wasanmu 3 da suka je Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya. Mutum ɗaya, haihuwa biyu! A 2009 sai FIFA ta kawo tata dabarar duba haƙora. Wata na'ura ce ta asibiti da a ke kira MRI, wadda ke ganin cikin jiki ba tare da an tsaga ba. Ana sa wuyan hannun yaro a ciki. Ƙashin wuyan hannu yana da wani ɗan wuri mai taushi inda ya ke ƙara tsawo muddin yaro na girma. In girma ya ƙare sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya. Wanda aka ga nasa ya haɗe sarai, sai a ce ya wuce aji, ya koma gida.

Nan fa ido ya raina fata. A watan Agusta na 2016, ƙasa da shekara guda bayan kofin Chile, aka gwada yaran da aka tara a sansani don wasan share fage, sai ga 26 sun faɗi. Da wa za a kara? Da maƙwabtanmu na Nijar, waɗannan da mu ke cin kasuwa ɗaya da su kowace Alhamis. Aka tattara ragowar aka ci su 1 da nema a Abuja, aka je Yamai suka rama da 3 da 1, suka fitar da masu riƙe da kofin duniya tun ba a je ko'ina ba. Su kuwa suka wuce, har suka je gasar duniya a Indiya a 2017, karonsu na farko, suka doke Koriya ta Arewa, suka kai zagaye na biyu. Wanda ya ke Maigatari a makonnin nan ya sha ba'a wurin 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, ba kuwa bakin ramawa.

Tun daga nan ba mu ƙara miƙewa ba. A 2019 a Barazil Holan ta kore mu da 3 da 1 a zagaye na biyu. A 2023 Burkina Faso ta fitar da mu a gasar Afirka a Aljeriya, ba mu je ta duniya ba. A 2025 aka faɗaɗa gasar ta koma ƙasashe 48 a Ƙatar, aka ba Afirka gurbi 10, duk da haka ba sunan Nijeriya a ciki. Ƙasar da ta ci kofi 5 ta rasa gurbi cikin 10. Mai hankali ya auna da kansa.

Masu kare wannan hali suna da hujjojinsu, na kuwa sha jinsu a majalisa da wurin mai shayi. Su kan ce kowa na yi. Gaskiya ne ba mu kaɗai ba ne. An taɓa gwada yaran Kamaru 30, aka sami 21 sun faɗi. Amma in maƙwabcinka na cin irin shukarsa, wannan bai sa naka rumbun ya cika ba. Su kan kuma ce talauci ne, yaro ya sha wuya sai ya kai 22 kafin wani ya gan shi, in bai rage ba Turawa ba za su saye shi ba, to, a bar shi ya ci abinci. Wannan ita ce hujjar da ta fi taɓa zuciya, ita ce kuma ta fi cuta, domin masu faɗinta sun dubi yaro ɗaya sun manta da na biyu. Gurbin da ɗan 22 ya shiga ai na wani ne. Akwai ɗan 15 na gaskiya a Gagarawa ko Sule Tankarkar, siriri, ƙafa ba takalmi, wanda Allah ya ba shi basirar ƙwallo. In ya je wurin zaɓe sai a haɗa shi da ƙato mai mata a gida, a bangaje shi sau 2, mai zaɓe ya ce ba shi da ƙarfi. Ya komo gida, ya jira sai ya kai 21, sa'an nan shi ma ubansa ya kamo hannunsa ya zo wurin akawu. Haka abin ke haihuwar kansa. Shekarun da ya kamata a koya masa tsayar da ƙwallo da sanin wurin tsayuwa, watau daga 10 zuwa 16, sun wuce yana jiran layi.

Shi ma wanda ya yi aron bai tsira ba. Ya saba cin yara da ƙarfin ƙirji, bai koyi dabara ba don bai bukace ta ba. Ran da ya gamu da tsararsa na gaskiya sai a ga babu komai. Kulob ɗin Turai ya saye shi yana zaton zai ƙara girma shekara 5, alhali ya riga ya gama, sai a sallame shi. A takarda yana 26, gwiwa kuwa ta ce 32. Ban ma taɓo maganar rantsuwa a kan ƙarya ba, wadda kowane ɗan makarantar allo ya san nauyinta.

Hujja ta uku ita ce mai gaskiya a ciki: su kan ce ai yawancin yaranmu ba su san shekarunsu ba, ba wanda ya rubuta. Haka ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka yi wa rajistar haihuwa a Nijeriya 57 ne cikin 100, a Jiharmu ta Jigawa kuwa ba su kai 1 cikin 4 ba. Inda ba rubutu, kowa ya ga dama ya zaɓi shekarar da ta yi masa. Na'urar nan ta asibiti ma ba ma'asumiya ba ce, domin wani yaron ƙashinsa kan haɗe da wuri, a kore shi alhali gaskiya ya faɗa. Me zai kāre shi? Takardar da aka rubuta tun yana cikin zanen goyo, tun ba wanda ya san zai taɓa ƙwallo, da rajistar makarantar da ta bi shi aji aji.

Waɗanda suka wuce mu ba tsafi suka yi ba. A Senegal wani mutum mai suna Mady Toure ya kafa makarantar ƙwallo a 2000, Generation Foot, inda a ke ɗaukar yaro ƙarami, a ba shi abinci da wurin kwana da karatu da horo shekara da shekaru. Daga nan Sadio Mane ya fito. Senegal ta ci kofin Afirka na manya a 2022, ta ci na 'yan ƙasa da 20 da na 'yan ƙasa da 17 a 2023. Maroko ta gina tata makarantar kusa da Rabat da sunan Sarki Muhammadu na 6. Ɗalibinta Youssef En-Nesyri shi ya ci Fotugal da ka a Ƙatar, Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kana a 2025 matasanta suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 20. Mu kuwa dabararmu ita ce a yi shela saura 'yan makonni gasa, dubban samari su taru a fili guda, a zaɓi masu tsawo da masu uwa a gindin murhu, a sa musu riga.

Bari in komo gida, don kada a ce na tafi Senegal na bar Lautai. Ƙasar Gumel ƙananan hukumomi 4 ce, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba kuwa ƙauyen da za ka shiga da la'asar sakaliya ba ka ga ƙura na tashi a bayan gari, yara na bin ƙwallo, raga kuwa sanda 2 ce ko takalma. Da dare gidan kallon ƙwallo ya cika maƙil, yaro ya iya jero maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har na benci. Son abin akwai shi, yaran akwai su. Wa ke koya musu? Na san makarantun da filin wasansu ya zama hanyar babura, na san wanda aka yanka aka yi shaguna, na san inda darasin motsa jiki ya ke a rubuce cikin jadawali amma lokacin sharar fili ne. Gasar da mu ke gani ita ce ta masu neman kujera: zaɓe ya matso, a sayo kofi da riguna masu hoton mai gida, a ce ta 'yan ƙasa da 15 ce, magidanta su cika fili, a ɗauki hoto, shi ke nan sai bayan shekara 4. Gara ma gasar Ramat da a kan yi wa yara a Kano don tunawa da Janar Murtala, ita ko ba komai ana komawa gare ta shekara shekara. Amma yaron Sule Tankarkar ta wace hanya zai isa can in ba gasa a gundumarsa?

Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe wuri a Maigatari aka ce yankin ciniki ne marar haraji. Hikimar abin, kamar yadda aka bayyana mana, ita ce kada riɗinmu da zoɓonmu su riƙa fita ɗanye da arha, a tsaya a gyara su a nan, darajarsu ta ƙaru, ladan aikin ya zauna a gida. Ko an cim ma wannan ko ba a cim ma ba, magana ce ta wata rana. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun gane haka game da buhun zoɓo amma ba mu gane game da 'ya'yanmu ba. Su ma ɗanyu mu ke miƙa su ga duk wanda ya zo da jaka da alkawarin Turai. Ya kamata iyaye su sani, dokar FIFA ta hana a sayar da yaron da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a 'yan wurare kaɗan da ta togace. Saboda haka wanda ya ce zai kai ɗanka ɗan 15 kulob a Turai in ka ba shi kuɗi, shanunka ya gani.

Akwai kuma iyayen da ke cewa ƙwallo shashanci ne, yana hana karatu da salla da aikin gona. Ba na raina tsoronsu, na ga yaran da abin ya ɗauke wa hankali. Amma hani bai hana ba, sai dai ya kore su zuwa bayan gari inda ba babba. In a filin makaranta a ke yi, ƙarƙashin malami, sai a sa sharaɗi: wanda bai zo aji ba ba ya shiga fili, in an kira salla a tsaya. Yaro 1 cikin dubbai ne zai ci abinci da ƙwallo, sauran su tashi da lafiyar jiki da takardar makaranta a hannu. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya ci Ajantina 2 a 2014 ya kuma ci Aisilan 2 a 2018, ai ba daga sama ya faɗo ba, a fili irin namu ya fara, aka sami masu kula.

Ba na roƙon a gina mana irin ta Maroko. Abin da na ke nema ƙananan hukumomin nan 4 sun fi ƙarfinsa nesa. A kewaye filin kowace firamare da itatuwa don kada a cinye shi. A ɗauki malami guda a kowace gunduma a tura shi kwas na horar da yara. A yi gasa tsakanin makarantu kowace shekara daga kaka zuwa bazara, aji da aji, ba mai shiga sai wanda sunansa ke cikin rajistar makaranta tun aji 1, hedimasta ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. Zakarun Gumel su kara da na Maigatari, na Gagarawa da na Sule Tankarkar, in hali ya yi a gayyato yaran ƙetaren iyaka. Ƙungiyar jiha, Jigawa Golden Stars, ta aiko mai dubawa daga Dutse ya zauna a bakin fili da littafinsa. Kuɗin wannan duka bai kai na rigunan gasar siyasa guda ba.

Saura kai, ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci har kuka iya karanta wannan shafi. Abin da dattijon nan ya rasa yana hannunku. Ran da aka yi muku haihuwa, kafin a yanka ragon suna, ku ɗauki alƙalami ku rubuta rana da wata da shekara a cikin littafin da ba ya ɓacewa, ku kuma rubuta wa maƙwabcin da bai iya ba. Sa'an nan ku je wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ku karɓi takardar haihuwa; ta jariri kyauta ce a doka. Ku sa ta cikin leda saboda gara da ruwan damina, ku ajiye inda ku ke ajiye takardar gona.